Barmani Choge a cikin memori: Wa ke da haƙƙin waƙoƙin da ake saurare a hanyar Suleja zuwa Abuja?

Tun gari bai gama wayewa ba motoci ke jeruwa a kan hanyar da ta fita daga Suleja, ta ratsa Madalla da Zuba, ta nufi Abuja. Mafi yawan waɗanda ke ciki ma’aikatan Gwamnatin Tarayya ne da hadiman manya, waɗanda tsadar haya ta hana su kwana a birnin da suke yi wa aiki. Tafiya ce mai cin lokaci, musamman idan cunkoso ya kama, don haka kowace mota da abin da take saurare. Wata karatun Alƙur’ani, wata labaran safe, wata kuma Don Williams ko Dolly Parton, waɗanda ’yan bokon Arewa suka daɗe da mayar da su nasu. A hanyar dawowa da yamma, lokacin da gajiya ta sauka, ba a rasa motar da amon ƙwarya ke tashi daga cikinta, tare da muryar Hajiya Sa’adatu Barmani Choge.

Idan aka tambayi mai motar inda ya samo waƙoƙin, amsar ba ta wuce ɗayan biyu: ko wani ya turo masa a waya, ko kuma ya biya kuɗi kaɗan wajen masu tura waƙoƙi, irin waɗanda ke zaune da kwamfuta a Kasuwar IBB da bakin tasha, suka zuba masa a memori. Folda ce guda mai ɗauke da sunanta. A ciki akwai waƙoƙin da mai kwamfutar ya ga sun fi samun masu nema, wasu da suna, wasu da lamba kawai. Babu shekarar da aka ɗauke su, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan ’yan amshi ko makaɗa, balle bayanin wanda ya kamata a biya.

Wannan folda ita ce kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin Barmani da yawancin masu saurarenta suka sani. Kuma a cikinta matsalar take.

Ƙwaryar da ta fito daga cikin gida

An haifi Barmani a ƙasar Funtuwa ta Jihar Katsina a cikin shekarun 1940, kuma a Funtuwa ta rasu a watan Maris na 2013. Garin auduga ne da jirgin ƙasa, mahaɗar fatake da baƙi, inda Alhaji Mamman Shata ma ya yi zama mai tsawo. A irin wannan gari mai yawan biki da hada-hada ta tashi, ta yi aure da ƙuruciya, ta hayayyafa, sannan ta shahara.

Kiɗan da ta shahara da shi, wato amada, ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Kiɗan mata ne na cikin gida: a kife ƙore manya da ƙanana, wata a kan ruwa a cikin babban mazubi, a riƙa bugu, jagora tana bayarwa ’yan amshi suna karɓa. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami’ar Bayero sun danganta tushensa da waƙoƙin bege na matan ɗariƙar Ƙadiriyya, kafin ya rikiɗe ya zama kiɗan biki da suna. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga ta fitar da shi fili. Abubuwan da ake waƙewa kuma, kishi da haihuwa da zaman aure da neman na kai, mata sun daɗe suna rera su a bakin turmi da dutsen niƙa da ɗakin amarya.

Abin da Barmani ta yi shi ne ta ɗauki wannan gado ta sa masa muryarta da ƙarfin halinta. Ta faɗi a bainar jama’a abin da mata ke faɗa idan sun kulle ƙofa. A “Sakarai Ba Ta da Wayo” da “A Kama Sana’a Mata” ta matsa wa matan aure lamba su nemi abin yi, tun kafin batun tallafa wa mata ya zama taken tarurruka a otal-otal na Abuja. A “Gwarne Ikon Allah” ta mayar da abin da ake yi wa mace gori a kansa, wato haihuwa kusa da kusa, ya zama abin tinƙaho. Wasu waƙoƙin nata sun sa malamai da dattawa ɗaure fuska saboda yadda take kiran abu da sunansa, amma matan da ke cika filin biki ba su taɓa juya mata baya ba.

Saboda haka duk wanda ya ce zai tantance waƙoƙinta zai tarar da zare uku a murɗe: abin da ta gada daga taskar mata, abin da ta ƙirƙira da kanta, da abin da ta ƙara nan take a filin biki don yabon wadda ta yi mata liƙi. Waƙa guda tana iya fitowa da fuska uku a kaset uku. Wannan ba aibi ba ne, haka waƙar baka take. Sai dai yana nufin idan ba a rubuta ba, bayan an kwana biyu ba wanda zai iya rarrabewa.

Wadda ta yi suna da waƙoƙin wasu

Domin a ga abin da rubutawa ke haifarwa, yana da kyau a leƙa wata ƙasa, a dubi wata mawaƙiya da ita ma ta gina sunanta a kan abin da wasu suka fara.

A watan Disamba na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon Babban Birnin Tarayya, kamfanin Asylum a Amurka ya fitar da faifan zaɓaɓɓun waƙoƙin Linda Ronstadt mai suna “Greatest Hits”. Waƙoƙi 12 ne a ciki, kuma babu ko ɗaya da ita ta rubuta. “That’ll Be the Day” ta Buddy Holly ce, daga farkon zamanin kiɗan rok. “When Will I Be Loved” Phil Everly ne ya rubuta ta. “Desperado” ta ƙungiyar Eagles ce, “Love Is a Rose” ta Neil Young. “Heat Wave” da “Tracks of My Tears” sun fito ne daga kamfanin Motown na baƙaƙen fatar Amurka. “Silver Threads and Golden Needles” kuwa tsohuwar waƙa ce ta kiɗan karkarar Amurka da ake kira kantiri, irin wanda Don Williams ya yi suna da shi. Hatta “You’re No Good”, wadda ta kai ta matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 1975, Dee Dee Warwick ce ta fara rera ta a 1963.

Ronstadt, wadda aka haifa a Tucson ta Jihar Arizona a 1946, ta haɗa rok da kantiri da waƙoƙin yayi a murya guda, har mai saurare ya manta cewa daga gidaje daban-daban suka fito. An sayar da fiye da kwafi miliyan 7 na wannan faifai a Amurka kaɗai. Daga baya, a 1987, ta koma ga waƙoƙin gargajiya na Meziko da ta ji a gidan mahaifinta, ta fitar da su a faifai guda, kamar dai yadda Barmani ta ɗebo daga abin da ta tarar a hannun iyaye mata.

Bambancin yana jikin faifan. A ƙarƙashin kowace waƙa an buga sunan wanda ya rubuta ta. Tun 1909 dokar Amurka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar, da sharaɗin a biya mai ita kuɗin da doka ta yanka a kan kowane kwafi. A 1976 kuɗin santi 2 ne kacal. Amma santi 2 sau miliyoyi dukiya ce, kuma tana isa ga mai ita ne saboda akwai takardar da ta ce shi ne mai ita. Dolly Parton, wadda ake jin muryarta a motocin Suleja, shaida ce: ita ta rubuta “I Will Always Love You”, Ronstadt ta sake rera ta a 1975, Whitney Houston ta zagaya duniya da ita a 1992, kuma a duk zagayen haƙƙin rubutun bai bar hannun Parton ba.

A 2013, shekarar da Barmani ta rasu, Ronstadt ta bayyana cewa ciwon jijiyoyi ya raba ta da waƙa.  Ita Ronstadt an shigar da ita zauren girmamawa na mawaƙan rok a 2014, kuma Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifanta “Heart Like a Wheel” na 1974 cikin jerin muryoyin da ƙasa ta ɗauki nauyin adanawa. Duk mai son sanin ranar da aka ɗauki wata waƙarta da wanda ya kaɗa jita a ciki zai samu a rubuce. Mai neman irin wannan bayani a kan Barmani kuwa, foldar memori ba za ta ba shi ba.

Aro ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa

Kada a ɗauka sake rera waƙar wani al’adar Turawa ce kawai. Mawaƙan Hausa sun daɗe suna yi. Masu bandiri a Kano sun ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya suka ɗora musu yabon Manzon Allah (SAW), abin da masanin nan Brian Larkin ya yi nazari a kansa. Finafinan Hausa na farkon shekarun 2000 cike suke da irin wannan aro. Funmi Adams ta sa wa waƙoƙin Hausa kayan kiɗan zamani, aka riƙa nuna ta a NTA har yaran wancan lokaci suka haddace. A yau kuma zabiyoyi da masu kiɗan ƙwarya a bukukuwan Suleja da Zariya da Maraɗi suna rera waƙoƙin Barmani, matasa masu kiɗan fiyano suna yanko amshinta, ’yan TikTok suna rawa da muryarta.

Duk wannan alama ce ta waƙar da ke raye. Bahaushe ma yana da kalmar da ta fi ta Turawa nauyi a wannan fage, wato bakandamiya, waƙar da mawaƙi ya zuba dukkan fasaharsa a ciki. Amma bakandamiya a bakin jama’a take zaune, ba a takarda ba. A da hakan ya wadatar, domin ladan mawaƙi a filin biki yake: liƙi, da tufafi, da kujerar Makka, wani lokaci har da mota. Yanzu filin ya koma intanet, inda kuɗi ke bin wanda ya ɗora waƙa, ko da bai taɓa ganin mai ita ba. Mawaƙiyar da ta rasu ba ta zuwa biki, magadanta kuma ba su da liƙin da za su tsinta.

Abin da doka ta ce

Najeriya ba ta rasa doka ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Abubuwa huɗu a cikinta sun shafi wannan batu kai tsaye.

Na farko, haƙƙin waƙar da mutum ya ƙirƙira yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ke nan abin da Barmani ta ƙirƙira da kanta yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2083, kuma na magadanta ne. Na biyu, muryar da aka naɗa a faifai ko kaset tana da nata haƙƙin daban, na shekara 50, kuma a ƙa’ida yana hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗar, ba lallai mawaƙin ba. Duk abin da aka fitar a ƙarshen shekarun 1970 ya kusa cika wannan wa’adi. Na uku, doka ba ta kare waƙa sai an adana ta a wani mazubi, ko takarda ko kaset ko na’ura. Waƙar da aka rera a biki ta bi iska ba ta da madafa. Na huɗu, abin da ya zama gadon al’umma, kamar waƙoƙin gargajiya da ba a san wanda ya fara su ba, yana da tasa kariyar, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke kula da amfani da shi don kasuwanci.

A nan zaren nan uku ya dawo. Kafin a ce wannan baiti na magadan Barmani ne, wancan na al’umma ne, wannan naɗi kuma na kamfani kaza ne, sai an zauna an bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Yin rajista a hukuma ba sharaɗi ba ne na samun haƙƙi, amma hujja ce ranar da gardama ta tashi, kuma ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin mawaƙa ba sa iya biyan wanda babu sunansa a littafinsu.

Akwai kuma agogon da ya fi na doka sauri. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima da ƙura, uku ɗin da ba a rasa su a ƙasar nan. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗin cewa na’urorin kunna irin waɗannan kaset suna ƙarewa a duniya, kuma abin da ba a kwafe zuwa kwamfuta da wuri ba zai iya salwanta ko da kaset ɗin yana nan. Abin da ke cikin memori kuwa galibi kwafin kwafi ne, an matse shi har amon ƙwaryar ya dushe, wani an yanke farkonsa inda ake gabatar da mawaƙiya da wurin da aka yi wasan.

Darasin da ke cikin garin

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga yadda ake ɗora suna a kan gado. Misalin yana cikin Suleja.

Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan sun baro Zariya a zamanin jihadi, ta ci sunan Sarki Abu Ja. Da aka zaɓi yankin don sabon babban birni, garin ya bayar da sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. A zamanin wannan sarki ne Bature Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga, mace ta farko a wurin.

Ladi Kwali ba ta ƙirƙiro tulun Gwari ba. Siffarsa da zanen ƙadangare da kifi da kunama da ke jikinsa, duk ta gaje su ne daga matan da suka riga ta. Amma tukwanen da ta gina a cibiyar suna ɗauke da hatimin haruffan sunanta. Saboda wannan ɗan tambari, yau ana gane aikinta a gidajen tarihi na Ingila da Amurka, ana sanin nata da wanda ba nata ba. Jami’ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, cibiyar ta koma amsa sunanta, kuma hotonta na bayan takardar Naira 20. Gadon bai ragu ba don an sa masa suna, matan Gwari ma da shi aka ƙara sanin su.

Ƙwaryar Barmani ba ta samu irin wannan hatimi a kan kowace waƙa ba. An yi ƙoƙari a jami’o’i: Farfesa Sa’idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa, Beverly Mack ta wallafa littafi a kan mawaƙan Hausa mata a 2004, ɗalibai kuma sun rubuta kundaye. Shata ya samu marubutan da suka bi rayuwarsa da waƙoƙinsa daki-daki. Sai dai nazari a kabad ɗin jami’a daban, kundin da iyali za su riƙe su nemi haƙƙinsu da shi daban.

Aikin da ke jiran sa hannu

Abin da ake buƙata ba gini ba ne, ba kuma kwangilar biliyoyi ba. Aikin tantancewa ne irin wanda ma’aikacin gwamnati ya fi kowa sanin kansa: a nemo naɗi mafi tsufa kuma mafi tsabta na kowace waƙa, daga taskokin gidajen rediyo irin Rediyon Najeriya Kaduna da na jihohi, da hannun tsofaffin dillalan kaset. A kwafe su da na’ura mai kyau. A rubuta sunan kowace waƙa, da lokacin da aka ɗauke ta gwargwadon abin da aka tabbatar, da sunayen ’yan amshi da makaɗa. A zauna da iyali a fayyace abin da yake nata da abin da yake na gado. Sannan a fitar da kundi guda da izininsu, wanda gidan rediyo da mai shirya fim da mai ɗora waƙa a intanet za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Hukumomin da abin ya shafa duk suna ƙarshen hanyar nan da motocin Suleja ke bi kowace safiya. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana Abuja, haka Majalisar Fasaha da Al’adu ta Ƙasa, haka hedikwatar gidan Rediyon Tarayya. A 2023 aka kafa ma’aikata ta musamman don fasaha da al’adu da tattalin arzikin ƙirƙira, aka ba Hannatu Musa Musawa, ’yar jihar da Barmani ta fito. A irin waɗannan ofisoshi, abu yakan fara ne daga takardar da wani ƙaramin jami’i ya rubuta, wani hadimi ya sa ta a saman fayil, wani darakta ya ga dacewar a saka mata layi a kasafin kuɗi. Da yawa daga cikin masu wannan dama su ne ke sauraren waƙoƙin a mota.

Lokaci ne kawai ba ya jira. Waɗanda za su iya cewa wannan baiti a gidan biki kaza aka fara shi, wancan kuma tun kakanni ake yin sa, su ne matan da suka zauna a bayanta suna amshi da bugun ƙwarya shekara da shekaru. Waɗanda ke raye a cikinsu sun manyanta, kuma ba a Abuja suke ba. Daga Suleja zuwa Funtuwa, ta Kaduna da Zariya, tafiyar yini guda ce.